Babbar Riga A Filin Harbi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta Ilu ba zai bari ba. Ranar da na je gwada bindigata ta farko nake nufi. Kafin ya riga ni baza labarin da ƙarin gishirinsa, gara ku ji daga bakin mai shi: ni ne wawan labarin nan. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya tura ni. Da ƙafata na je, da furfurata, ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa bas ɗin masu ziyara tsakanin Uhudu da Ƙuba ban taɓa goge wa kowa ko madubi ba.

Ilun da nake faɗa abokina ne tun muna yawo ba takalmi. Kakanninsa daga Damagaram suka taso, nawa daga Kano, aikin hajji ya kawo su Madina suka zauna, saboda haka tsokanar da ke tsakaninmu gado ce, ba mu muka ƙirƙiro ta ba. (Ni dai na taɓa leƙa Kano, na sha fura na dawo da ciwon ciki. Shi Damagaram a bakin kakarsa kawai ya san ta.) Da muka yi ritaya, kowa ya nemi abin kashe lokaci. Ni na zaɓi zaman majalisa bayan la'asar a ƙofar wani shagon shayi a unguwar Jurf, inda nake gyara duniya kyauta. Ilu kuwa ya shiga wani nadi, wato kulob, na masu harbin wasa can bayan gari, ya yi takardu, ya sayi bindiga.

Daga nan muka rasa sakat. Duk mako sai ya zo majalisa da takarda mai zanen da'ira, duk ta sha huji, a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu kamar hoton jariri. Tsofaffi masu hankali, waɗanda suka aurar da 'ya'ya, su sa tabarau suna duba huji suna cewa masha Allah. Ni abin ya tsaya mini a wuya. Rannan na kasa haƙuri na ce ai wannan ba harbi ba ne, ɓarnar takarda ce. Na ce harbi a gidanmu yake, domin kakana maharbi ne, da adakarsa ya ratso daji tun daga ƙasar Hausa har bakin teku, kuma a hanya ya kashe damisa. (Mahaifiyata takan ce dila ne, amma ita ba ta wurin.) Na ce abin a jini yake, ko yau aka miƙo mini bindiga sai dai a nemo wa Ilu wata sana'ar.

Ilu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Jikan maharba, takarda ba ta san kakan kowa ba. Nadi a buɗe yake."

A gaban mutane ya faɗa, a gaban mutane kuma na ɗauki alkawari cewa sanyin bana ba zai wuce ba sai na mallaki tawa, kuma ba irin tasa ba. Tasa irin wadda duk harbi ɗaya sai ka ja mariƙi baya ka mayar ce, kamar mai fama da sakatar ƙofa. Ni nus otomatik zan saya, wadda kai dai jan kunama ne naka, ita ke ɗora wa kanta harsashi na gaba. Ban san komai a kanta ba sai sunan, amma sunan ya yi mini daɗi a baki.

Hukuma ba ta wahalar da ni yadda na zata ba. 'Yata Maimuna, wadda ke aiki a kantin magani a unguwar Aƙiƙ, ita ta cika komai a wayarta. Na je likita ya duba idona da hankalina ya ce lafiya lau (Allah ya yafe masa). Izinin da ya gagara shi ne na cikin gida.

Hajiya, matata, ta saurare ni tana tsince shinkafa har na kai aya. Sai ta tambaye ni me zan harba a garin da ko tantabarar masallaci ba a kora da ƙarfi. Na ce ba a cikin haddin Harami ba ne, nadin yana waje, kuma takarda ake harbi. Ta ce wato takardar da na ce ɓarna ce. (Ban san wa ke kai mata rahoton majalisa ba, amma ina zargin matar Ilu.) Ta tuna mini cewa ɗan abin da muka ajiye na sauya mukayyif ɗin falo ne, wato iyakwandishan, wanda in zafi ya shigo yake gurnani kamar tsohuwar babbar mota, sanyi kuwa babu. Na yi kwanaki ina bi. Na wanke kwanuka. Na raka ta kasuwa ban yi tsaki ba. A ƙarshe ta gindaya mini sharaɗi: bindigar ta zama mai araha yadda zancen mukayyif ba zai mutu ba, sannan ba za a biya ko halala ɗaya ba sai ta je da kanta ta ga yadda nake riƙe ta. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, magana ta ƙare, akwatin ƙarfen ajiye bindiga ba zai shigo gidanta ba.

Na ce na yarda. A raina na ce an gama.

To, a nan ku yi mini adalci, domin wurin zaɓe ban yi abin kunya ba, duk da cewa na bar makaranta tun malamai ba su gama riƙe sunana ba. A nadin akwai wani dillali mai lasisi da ke baje kayansa a cikin gilashi. Na yi ta zarya wurinsa har ya daina miƙewa in na shigo. Da farko idona ya faɗa kan wata mai gindin katako, ja-ja, mai sheƙi, da zane a jikin ƙarfenta. Na ɗauke ta na ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana. Da ya faɗi kuɗinta sai na ajiye ta a hankali da hannu biyu, na ce ai katako ba ya jure zafin Madina. Na nemi mai babban baki, wadda in ta yi tsawa Ilu zai ji a ƙirjinsa. Ya ce, ya ammi (wato baffa), wannan in ta tokare ka a kafaɗa sai an nemi mai ɗori, kuma harsashinta kowane ɗaya kuɗin abincin rana ne. Ya ce mai fara koyo ƙaramin baki yake nema, irin wadda ake kira ashirin da biyu: ba ta da naushi, harsashinta da arha, ko'ina ana samu.

Nan fa ya shigo unguwarmu. Duk direba ya san ba sayen mota ne wahala ba, ciyar da ita ne. Na ajiye zancen damisa na shiga yi masa tambayoyin gareji. Kayan gyaranta ana samu a ƙasar nan ko sai an jira jirgi? Gidan harsashinta in ya lalace akwai wani? Tana tsirfar harsashi ko duk wanda aka ba ta ci take? In ƙura ta shige ta, mutum zai iya kwance ta ya goge da kansa? Na ɗaga wannan na ajiye waccan, na gwada tsawonsu da hannuna, don akwai wadda sai na miƙe kamar mai tsinko dabino kafin yatsana ya kai kunama. A ƙarshe na tsaya a kan wata baƙa mai gindin roba, mummuna, mara nauyi, ba ado ko na sisi. Ko a mafarki ba za a yi mata kirari ba. Amma ta zauna a kafaɗata daram, kuma kuɗinta ya bar wa mukayyif numfashi. Dillalin ya ce akwai irinta ta gwaji a filin, in zo in harba kafin in biya.

Tambayoyi duk na yi, sai guda ɗaya. Na tambayi ta inda take ci, ban tambayi ta inda take zubarwa ba. Adakar kakana albarushi ake ɗura mata, ta yi tsawa, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa ce mini bindiga tana barin wani abu a baya.

Ranar gwaji da hantsi na buɗe akwati na fito da babbar rigata ta shadda, wadda wani ɗan'uwa ya aiko mini daga Kano, mai aiki har ciki, mai wuya kamar bakin rijiya. Ba na sa ta sai ɗaurin aure da Sallah. Sauran kwanaki jallabiya nake sawa mai maɓalli har maƙogwaro kamar kowa a garin nan. Amma na ce yau ranar gado ce, ba zan tsaya a madadin kakana cikin kayan Larabawa ba. Ko 'yar ciki ban sa ba, singileti kawai, don hannu ya sake. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya amaryar 'yar gidan wa ce. Maimuna ta yi wata magana game da maɓalli (haka yaran nan suke, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci), na ce mata damisa ba ta tambayi kakana maɓalli ba.

Maimuna ce ta tuƙa mu. Muka wuce alamar haddin Harami, gari ya ƙare, baƙaƙen duwatsu suka fara. Da muka isa na tarar Ilu ya kwaso rabin majalisa. Hajiya da Maimuna aka zaunar da su bayan wani gilashi inda suke ganin komai. Mai koyarwa, wanda suke kira mudarrib, wani tsohon soja ne mai gajeren gemu. Ya kai ni wata 'yar rumfa mai bango dama da hagu, ga teburi, ga bindigar kwance a kan matashi bakinta na kallon takarda. Ya miƙo mini tabarau da abin toshe kunne mai kama da faifai biyu. Ni kuwa don kada a ce baƙo ne, na yi maza na kifa shi a kunne tun mutumin bai fara bayani ba. Duniya ta yi tsit. Ina ganin bakinsa na motsi, yana nuna gefen bindigar na dama, yana nuna bango, yana nuna wuyana, har ya ɗauko wata 'yar riga mai zif ya miƙo mini. Na ɗauka shaddar yake yabawa, yana tsoron kada ta yi datti. Na dafa ƙirji na ce tamam, tamam, na ture 'yar rigar. Ya ɗaga kafaɗa, ya matso ya tsaya dab da ni. Ni kuma na naɗe hannayen babbar riga na aza a kafaɗa yadda manya ke yi, wuyan ya ƙara wangalewa ta baya.

Na zauna, na yi bisimilla, na kwantar da kunci, na ja. Tas. Wallahi daɗi. Ba naushi, ba hayaƙi, kamar an karya busasshen kara. Na sake ja. Na ji jinin kakana ya motsa. Na fara tsara abin da zan gaya wa Ilu, har na hango takardata a majalisa tana yawo hannu zuwa hannu. Na ja, na ja, na ja.

Sai na ji wuta a bayan wuyana.

Wani abu ne ya sauka tsakanin kafaɗuna, ya gangara yana ƙuna, ya bi gadon baya, ya je ya tsaya a ƙugu inda tazuge ya tare shi, ya ci gaba da ci. Na saki bindigar (mudarrib ya riga ya dafe ta, Allah ya saka masa). Na kai hannu baya na ji jiƙe. Ba sai an gaya mini ba. Tun ina yaro nake jin labarin maharban da harbinsu ya juyo ya same su. Harsashi ya daki dutse ya dawo, ya shiga ta wuya, yanzu yana ƙugu. Wannan jiƙar kuwa jini ne.

Abin da ya fara zuwa raina ba zafin ba ne, ba ma Hajiya ba. Alamar nan ce da muka wuce a hanya. Ku da ba a nan kuke ba, sai kun yi haƙuri kafin ku gane. Kakanninmu sun bar gonakinsu da danginsu, sun taka ƙasa da ƙafa shekara da shekaru, ba don komai ba sai don ajali ya same su a garin Manzo a kai su maƙabartar Baƙi'a. Ni a ciki aka haife ni, a ciki na tsufa, ko Jidda na je ba na son kwana. Ga shi yau zan cika a wajen haddi, a kan takarda.

Na sulale ƙasa, na lalubi alƙibla na juya, na yi kalmar shahada. Sannan na shiga wasiyya. Ku tuna kunnuwana a toshe suke, wanda ba ya jin kansa kuwa ihu yake yi bai sani ba. An ce har masu harbi a can ƙarshen layi sun ajiye bindigoginsu.

"Ku ɗauke ni! Ku sa ni a mota ku tsallaka da ni haddi, ko da taku ɗaya ne! Kada ku tsaya neman asibiti, ku fara shiga gari!"

Fuskoki suka yi mini rumfa, bakuna na motsi, ba na jin komai. Na ce to, ji ya riga ya tafi, saura gani. Na hango Ilu ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na zuba. Tausayinsa ya kama ni. Ashe haka mutumin nan yake ƙaunata. Na kamo hannunsa na ce na yafe masa duk da kasancewarsa Badamagare, na bar masa amanar iyalina, ya riƙa leƙa su. Na ce a gaya wa majalisa na tafi a kan gadon gidanmu. Sai ga Hajiya ta iso, takalminta ɗaya ya zame a hanya, ta durƙusa a kaina tana salati. Ita kam ba dariya take ba, daga bayan gilashi faɗuwata kawai ta gani. Na ce mata ta yi haƙuri da ni, ta sayi mukayyif mai kyau, kuma in ta fita takaba kada ta saurari kowa daga majalisar nan, na san su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne mudarrib ya sunkuya ya cire mini abin kunne. Duniya ta dawo gaba ɗaya, kuma da dariya ta dawo. Ilu ba kuka yake ba. Shi da wani suka tsayar da ni, ya kama shaddar ta baya ya girgiza kamar mai kakkaɓe tabarma, ya ce in sassauta tazuge. Wani ɗan abu ya bi ƙafar wando ya faɗo a kan siminti, ya gangara ya tsaya a gaban Hajiya. Kwanson harsashi ne, fanko, bai kai gaɓar yatsa ba. Mudarrib ya maimaita mini bayanin da ya riga ya yi ɗazu: irin wannan bindiga duk harbi sai ta tofar da kwanso ta dama, da zafinsa, wani ya daki bango ya yi sama, ya faɗa duk inda ya samu ƙofa. Ni kuwa na zo masa da ƙofar gari. Jinin da na ji gumi ne. Raunin, da Maimuna ta duba, ta ce bai kai a ɓata masa man shafawa ba.

Ilu ya share hawaye, ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Sannu da dawowa, jikan maharba. Ya mutanen can? Kun gaisa da tsohon?"

Wani da sai ya tattare rigarsa ya gudu. Ni ban gudu ba. Na karɓi 'yar rigar nan, na ɗora a kan shadda, na ja zif har haɓa (ku kwatanta da kanku), na koma na ƙarasa harsasan da suka rage. Da aka jawo takarda, akwai huji a ciki. Ba a tsakiya ba, ba ma a unguwar tsakiya ba, amma a cikin takarda, kuma tawa, in ka cire guda da maƙwabcina ya ce ya tsinta a tasa. Na naɗe ta na sa a aljihu. Dillali ya tare ni a ƙofa yana tambaya ko a rubuta. Na dubi Hajiya. Hajiya ta dubi mota.

Muka kama hanyar gida. Da muka zo alamar haddi Maimuna ta rage gudu, ta ce da Hausa, ita da sai a daɗe ba a ji Hausarta ba, "Baba, mun shigo. Yanzu ba damuwa." Na yi kamar ina tasbihi.

Amma ni ba na barin magana a ƙasa. Na gyara murya na fara shimfiɗa. Na ce in aka duba da idon basira, yau an ƙaru. Na ce darasi ne, kuma ina ba da shi kyauta ga duk mai shirin sayen bindigarsa ta farko: ya zaɓi mai ƙaramin baki da arhar ci, ya tambayi ta inda take zubarwa, ya saurari bayani kafin ya toshe kunne, kuma ya bar kakansa a gida. Na ce bindigar ba ta yi laifi ba, zaɓena ya yi daidai, ko mudarrib ya shaida. Na fito da takarda na miƙa wa Hajiya baya ta ga huji. Na ce sharaɗinta shi ne ta ga yadda nake riƙe bindiga, riƙo kuwa na riƙe, faɗuwa ba ta cikin sharaɗi. Na ce gobe in Allah ya kai mu sai in sa jallabiya in koma in biya, akwatin ƙarfe kuma ga gurbinsa can bayan ƙofar ɗaki.

Hajiya ta karɓi takardar, ta ɗaga ta a hasken taga, ta leƙa ta wani huji, ta ninke, ta mayar mini. Ko murya ba ta ɗaga ba.

"Malam, yau na yi takaba a kan ɓawo. Ba zan zauna jiran ƙwayar ba."